Ɗingishin Karen Sarki Tanimu

An ce a zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, an yi wani sarki, Tanimu, wanda Allah bai ba shi zama wuri ɗaya ba. Wata rana a wajen farauta doki ya kayar da shi, ƙafarsa ta karye. To, al'adar ƙasar, gurgu ba ya riƙe sarauta. Masu zaɓen sarki suka ba shi kwana arba'in ya tako zauren fada da ƙafarsa, in ya kasa a naɗa wani.

Amma ina! Maɗora biyu suka ɗora ƙafar, kowanne kwana uku sai Sarki ya miƙe wai zai leƙa barga, ɗori ya goce, ya kori maɗori daga gari. Sauran maɗora suka yi layar zana.

Waziri Maikano ya shiga neman maɗori lungu-lungu, hankali a tashe. A bayan ganuwa ya iske wani tsoho, Barmo, durƙushe a kan juji. Gabansa wani kare ne da maharba suka yasar, ƙafa a karye, ƙudaje sun rufe miki, haƙarƙari duk a waje. Tsohon ya wanke mikin da ruwan bagaruwa, yana ɗaure ƙafar da karan dawa.

Waziri ya ce, "Baba, bar wannan, Sarki na kira."

Barmo ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara, a gidanmu ba a barin ɗori a rabi. In za ni, da shi za ni."

Kai, ran nan fada ta yi ƙara! Fadawa suka ce kare a turakar Sarki? Liman ya ce a ware wa karen ƙwaryarsa kawai. Barmo ya ɗora ƙafar Sarki, ya shimfiɗa karen kusa da gado, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan dabba an taɓa tafiya an bar shi, ba ya kwanciya sai da hannun mutum a kansa. In ka ɗauke hannu zai tashi, ɗorinsa ya lalace. Amanarsa na wuyanka."

Sarki ya yi tsaki, amma ya ɗora hannu. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙirga azarar ɗaki, ya zagi dokin da ya kayar da shi har kakanninsa. Da ya motsa sai karen ya yi kuka ƙasa-ƙasa, sai ya koma. Ran kwana na tara, da Sarki ya ji haniniya a barga, haƙuri ya ƙare, ya dafa bango ya miƙe. Karen ya zabura zai bi shi, ya faɗi a kan karayar da ihu. Wallahi Sarki ya ji kukan nan har zuciyarsa. Ya koma ya kwanta, kunya ta rufe shi, bai sake tashi ba. Da hannunsa ya riƙa ba karen fura da romo, har gashi ya tsiro inda miki yake.

Ran arba'in Sarki ya tako zaure da ƙafafunsa, garau. Bayansa karen na biye, ya yi ƙiba, amma yana ɗingishi.

Galadima, babban masu zaɓe, ya ce, "Sarauta ta zauna, ranka ya daɗe. Sai dai maɗorin nan bai iya ɗorin kare ba."

Sarki ya ce, "Kul, Galadima! Hannunsa bai yi kuskure ba, haka ma mutum biyun da na kora. Waziri, a dawo da su, a tufatar da su. A kuma yi shela: duk maharbin da ya fita da kare, ya dawo da shi ko a kafaɗa ne."

Sannan ya sunkuya a gaban jama'a ya shafa kan karen, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Wannan ɗingishin nawa ne, shi ya ɗaukar mini."