Abin da Mis Darlene Ta Ƙi Faɗa

Akwai wata mata a gundumar Ashlock, can kudancin Amurka, sunanta Darlene Hatchett. Shekara ashirin da uku ta yi tana zaune a taga guda a ofishin sherif, shugaban 'yan sandan gunduma, tagar da ake karɓar lasisin yawo da bindiga. Duk mai ƙaramar bindiga a ƙugu ko a aljihun mota, ta hannunta takardarsa ta bi. Ta san uba, ta san ɗa, wasu ma tun suna rarrafe a coci ta san su. Mis Darlene kowa yake kiranta.

Ita kanta ba ta ƙin bindiga. Ta farautar marigayi mijinta tana nan a kulle a kabad, duk shekara sai ta fito da ita ta shafe ta da mai. Ranar da majalisar gunduma ta ɗaga kuɗin lasisi daga dala ashirin zuwa saba'in da biyar, ita ce ta fara shiga wurin Sherif Whitlow ta ce masa an takura wa talaka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ya ɗaga ba. Ta koma tagarta, kullum ita ke shan tsakin mutane.

Sai shekarar zaɓe ta zo.

Wanda ya fito neman kujerar Whitlow shi ne Royce Tolliver, mai sayar da taraktoci a bakin babban titi. Mutum ne mai kyauta, mai babbar murya, amma idan ya ɗauki magana ba ya sauke ta ko da uwarsa ce ta ce ya sauke. Allunansa sun cika gefen gonaki, duka da rubutu ɗaya: "Haƙƙi ba na sayarwa ba ne." Ya yi alkawarin soke kuɗin lasisi. Jama'a suka karɓe shi hannu biyu, kuma a gaskiya maganarsa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Wata Litinin da safe takarda ta zo wa Darlene daga kotu, da umarnin alƙali cewa a sirranta ta. An hana wani mai gyaran rufi, Cody Varner, kusantar matarsa. An karɓe bindigoginsa, an dakatar da lasisinsa. Darlene ta karanta sunan matar sau biyu. Joleen ce, 'yar Royce Tolliver tilo.

Da rana ta fita cin abinci, ta tarar da Joleen tsaye jikin motarta, da baƙin tabarau da bai gama rufe kumburin fuskarta ba.

"Mis Darlene, na san takardar ta zo hannunki. Don Allah kada Dadi ya ji."

"'Yata, ai shi ya kamata ya fara ji."

"Bara na je masa da kuka. Ya ce duk aure haka yake, in koma ɗakina. Shi a wurinsa Cody ɗa ne da Allah bai ba shi ba. Idan ya ji, da kansa zai ɗauko shi a mota ya kawo shi inda na ɓuya, wai zai sasanta mu."

"Ina kike yanzu, ke da 'yarki?"

"Gidan wata ƙawata, bayan masana'antar katako. Na ce wa Dadi jinyarta nake yi."

Darlene ta riƙe hannunta. "Aikina bai ba ni damar faɗa ba. Ko da ya ba ni, daga bakina ba za a ji ba. Karɓi lambata."

Shi kuwa Cody, wurin surukinsa ya tafi da wani labari daban. Ya ce lasisinsa ne ya ƙare, ba shi da dala saba'in da biyar, shi ya sa aka zo har gida aka kwashe masa bindigogi. Royce bai tambayi kowa ba. Abin da yake nema ne ya faɗo masa a cinya.

Ranar Laraba suka shigo ofishin su biyu, wani mutum yana biye da su da kyamara. Royce ya buga kuɗi a kan kantar tagar.

"Ga saba'in da biyar ɗinku, Mis Darlene. A ba wa yaron nan takardarsa."

"Ba zan iya ba, Mista Tolliver."

"Kuɗin bai cika ba ne? Ko akwai na shan shayi da ban sani ba?"

"Ba maganar kuɗi ba ce. Shi ya san dalili. Ka tambaye shi."

Cody ya sunkuyar da kai kamar maraya. "Dalilin ai a fili yake, Baba Royce. Ni mai hawa rufi ne, ba ni da kowa a ofishin nan."

Darlene ta dube shi. Ta dubi hannayensa, manya, masu kanta. Maganar ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta.

Royce ya juya ya fuskanci kyamara. "Kun gani da idonku. Shekara ashirin da uku wannan baiwar Allah tana zaune a nan tana zaɓen wanda ya isa ya kare iyalinsa da wanda bai isa ba. Ga kuɗi a gabanta ta ƙi. Ranar da na hau kujera, tagar nan ce za ta fara rufewa."

Kafin yamma bidiyon ya zagaye gundumar, kafin Juma'a ya tsallaka jihar.

Wayar gidanta ta fara ƙara ba hutu. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba suna kiranta ɓarauniya, suna gaya mata sun san titin gidanta. Wani ya jefa bulo ta tagar falonta tana kicin tana wanke-wanke. Duk wannan ta daure. Abin da ya fi yi mata ciwo a coci ya faru, wurin cin abincin tsakiyar mako. Ta ɗauki farantinta na soyayyiyar kaza da burodin masara ta nufi teburin da ta saba zama. Bernice, ƙawarta ta shekara talatin, ta ɗora jaka a kan kujerar.

"Da mutum a nan, Darlene."

"Wane ne?"

"Yana zuwa."

Har aka tashi ba wanda ya zauna a kujerar.

Washegari Sherif Whitlow ya kira ta ofishinsa ya rufe ƙofa. Mako biyu ya rage zaɓe, kuma ƙasa na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Darlene, takarda ai takarda ce. Wani lokaci mutum kan manta ta a kan tebur, ɗan jarida ya shigo neman biro. Ke ki wanku, ni in tsira, Royce ya koma kan taraktocinsa."

"Joleen fa?"

"Za ta yi kuka kwana biyu."

"Hotonta zai cika gari, ranka ya daɗe. Duk wanda ya gan ta a kanti zai gaya wa wani, har maganar ta kai kunnen mijin. Kai ma ka san abin da irin waɗannan mazan suke yi idan aka tona su."

Whitlow ya ce tunda haka ne, ta tafi hutu sai bayan zaɓe, domin ganinta a tagar nan ƙuri'a yake cinye masa. Ta kwashe kofinta da hoton mijinta ta fita ta ƙofar baya, ba wanda ya raka ta.

Ranar Asabar da tsakar rana Royce ya yi babban taro a filin kasuwar shanu. Darlene tana zaune a kicin tana kallo a waya, ita kanta ba ta san me ya sa take azabtar da kanta ba. Ta ga ya kira Cody saman dandamali. Ta ga ya buɗe wani ƙaramin akwati ya fito da bindigarsa ta hannu, mai sunansa a jikin mariƙi.

"Idan gunduma ta ƙwace maka haƙƙinka," in ji Royce, "ni na mayar maka da shi. Je ka kare iyalinka, ɗana."

Filin ya ɗauki tafi. Cody yana murmushi, ya soke bindigar a ƙugu.

Nan take Darlene ta kira ofis ta gaya wa ɗan sandan da ke bakin aiki cewa mutumin da kotu ta hana riƙe makami yana da bindiga yanzu. Ya ce rabin mutanensu suna wurin taron suna gyara hanya, zai tura mota da zarar ya samu. Ta kira Joleen.

"Ɗauki yarinyar ki fito bakin titi. Kada ki tsaya haɗa kaya."

"Ai bai san inda nake ba, Mis Darlene."

"Garin nan nawa yake? Fito, ga ni nan."

Ba ta taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ta same su tsaye gindin wata bishiya, yarinyar da takalmi ƙafa ɗaya. Ta kai su gidanta, ta kulle ƙofa, ta sauke labule. Sannan ta buɗe kabad ta fito da bindigar mijinta ta jingine ta bayan ƙofar kicin.

Ashe Cody ya kwana uku da sanin gidan, ya bi motar ƙawar daga wurin aikinta. Abin da ba shi da shi kawai makami ne. Minti ashirin bayan tafiyarsu ya faka a-kori-kurarsa a ƙofar gidan. Ya buga, ya kira sunan Joleen, ba amsa. Sai ya harba sau uku ta tagar ɗakin baƙi. Harsashi ɗaya ya shige katifar da yarinyar ke barcin rana a kai. Allah ya sa ƙawar tana wurin aiki. A nan 'yan sanda suka same shi.

Aka kira Royce ofis aka nuna masa bindigar da sunansa a jiki, aka karanta masa takardar kotu. Yana tsaye a wurin wayarsa ta yi ƙara, Joleen ce, ta gaya masa inda take.

Da la'asar ya iso gidan Darlene, shi kaɗai, ba kyamara. Ya cire hularsa tun daga bakin matakala. Jikarsa tana kan tebur tana cin biskit. Joleen ta cire tabarau ta bar shi ya kalli fuskarta da kyau.

"Dadi, na gaya maka."

Wannan babban mutum ya zauna a ƙasan kicin ya rufe fuska da hannu. Darlene ta ɗauki yarinyar ta kai ta falo, ta kunna mata talabijin. Da ta dawo ya ɗago ya dube ta.

"Mis Darlene, ranar nan da kalma ɗaya kin gama da ni. Me ya hana ki?"

"Ba sirrina ba ne, ba kuma naka ba. Nata ne. Amma tun ɗazu nake tambayar kaina ko na yi daidai. Da na faɗa, wataƙila da ba ka miƙa masa bindigar ba."

Royce ya girgiza kai. "Da kin faɗa, da na ce ƙarya kike yi a gaban duniya. 'Yar cikina ta faɗa min, na mayar da ita. Ke wace ce da zan saurare ki?"

Ranar Litinin ya tsaya a matakalar kotu ya gaya wa jama'a abin da ya yi, bayan Joleen ta yarda. Ya ce har gobe yana ganin kuɗin lasisi ya yi yawa, amma matar da ya zaga ita ce ta tsare masa 'ya a lokacin da shi yake ɗora makami a hannun mai neman ranta. Bidiyon wannan jawabi bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na masu kallon na farko ba. Har yau akwai mutane a wasu jihohi da suka san fuskar Darlene a matsayin azzalumar ma'aikaciya.

Royce ya faɗi zaɓe. Cody yana gidan yari. Bayan wata huɗu majalisar gunduma ta rage kuɗin lasisi, kowane ɓangare ya ce nasararsa ce.

Whitlow ya aiko wa Darlene cewa tagarta tana jiranta. Ta aika masa da godiya da takardar ritaya. Yanzu a wani gida take aiki a garin gaba, inda ake ɓoye matan da suka gudu daga duka, ita da Joleen suke tafiya a mota ɗaya duk safiya. Royce ne ke zama da jikarsa har su dawo. Mutanen gari sun ce ya rage magana ƙwarai, kuma idan 'yarsa ta buɗe baki, ko waya yake yi sai ya ajiye.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da bidiyon minti biyu, domin wani shirun amana ce mai shi yake riƙe da ita, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ko da kana da gaskiya a abin da kake fafutuka, girman kai zai iya sa ka miƙa wa maƙiyin gidanka makami da hannunka. Idan 'yarka ko ƙanwarka ta zo maka da kuka, ka saurare ta tun a karon farko. Ku tura wa iyaye da 'yan siyasa da duk mai saurin yaɗa abin da bai bincika ba.