Haƙorin Haladu da Sunan Garzali

Garzali mahauci ne a Sabon Garin Wudil, kuma tsohon ɗan dambe. Mutum ne mai kyauta da zumunci. Aibinsa ɗaya ne. Kana iya kushe namansa ya yi dariya, amma in ka ce naushinsa ba zafi, to ranar sai an nemo mai ɗori.

Wannan hali ne ya kai shi gidan gyaran hali, bayan wata muhawara da ya yi da wani dillalin shanu a kara, muhawarar da hancin dillalin bai ji daɗinta ba. A can ya natsu, har gandurobobi na ba da misali da shi. Saura kaɗan ya fito. 'Yarsa Sharifa kuwa an sa bikinta bayan kaka, ba ta da buri sai mahaifinta ya ba da aurenta da bakinsa.

Ana nan aka kawo wani Haladu daga Utai kan rigimar iyakar gona, mutum mai fara'a da yawan magana. Wata rana a layin abinci Garzali na ba da labarin mazajen da ya kayar, sai Haladu ya ce, ba da wata manufa ba, duk yawon kallon damben da ya yi bai taɓa jin makaɗi ya ambaci wani Garzali ba. Nan take Garzali ya gabatar masa da kansa. Haƙori ɗaya ya fita.

Kotu ta ƙara masa shekara guda, abin da ke nufin za a yi bikin ba shi. Matarsa Hansai ta nemo lauya, Barista Radiyya, aka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. Barista ta bayyana masa cewa ba musun laifi za su yi ba, sassauci za su roƙa, tunda an shaide shi da zaman lafiya kafin wannan tsautsayi. Dattawa kuma suka je Utai neman sulhu, suka tarar Haladu ya riga ya aiko cewa ya yafe. A lokacin ma kwano ɗaya suke ci da Garzali.

"Malam Garzali," in ji Barista, "aikinka a kotu ɗaya ne. Ka sunkuyar da kai, ka yi shiru."

Ya ce ai wannan ko yaro zai iya.

Ranar zama, alƙali ya ba Haladu dama ya yi magana a kan sulhun. Shi kuma, don ya taimaki abokinsa, sai ya ƙara gishiri.

"Ranka ya daɗe, na yafe duniya da lahira. Abin ma bai kai yadda aka zuzuta ba. Haƙorin dama yana girgiɗi, ko rake na sha zai fita. Naushin kuwa, jikana ma in ya yi fushi ya fi haka."

Kotu ta yi dariya. Alƙali ya murmusa ya ɗauki biro, Hansai ta fara hamdala. Sai Garzali ya miƙe. Barista ta ja masa riga, bai ma san tana yi ba.

"Ranka ya daɗe, a gyara wannan magana. Haƙorin nan lafiyarsa ƙalau. Da hagu ma na taɓa shi, kuma sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Da dama na sa, da ba ya nan yana surutu."

Alƙali ya tambaye shi ko yana nadama. Ya ce yana yi ƙwarai, amma dai a rubuta cewa da zafi.

Aka rubuta. Alƙali ya yi masa godiya, ya ce ya daɗe bai ga wanda ya sauƙaƙa wa kotu aiki haka ba, sannan ya tabbatar da hukuncin farko. Hansai ba ta yi kuka ba. Da za a fita da shi, cewa kawai ta yi, "Allah ya ƙara suna, maigida."

Ƙanin Garzali, Ƙasimu, shi ne ya ba da auren Sharifa. Haladu, wanda aka riga aka sallama, ya halarta, ya ci shinkafa da sauran haƙoransa. Ranar ziyara shi ya kawo wa Garzali alkakin amarya. Da zai tafi ya rage murya ya ce, "Tsakani da Allah, Garzali, naushinka da zafi."

Garzali ya dubi alkakin. "Na sani," ya ce. "Yaya ta yi a cikin kayan amarcin?"

Darasin a nan ba mai wuyar ganewa ba ne. Mutumin da ba zai jure a raina shi na ɗan lokaci ba yakan rasa abin da ya fi sunansa daraja. Kowa na da wani abin alfahari da ba ya so a taɓa, to ya dube shi da kyau ya ga me yake ci masa. Idan aka rage maka girma don a cece ka, ka karɓa ka yi shiru. Garzali ya kare sunansa, kotu ma ta rubuta, amma auren 'yarsa a bakin Haladu ya ji labarinsa.