Gwiwar Sarkin Ruwa

An yi wani ƙauyen dabbobi a bakin teku, ana ce masa Tungar Gishiri. Yawancin mazaunansa a rami suke kwana: ɓeraye, bushiyoyi, gyare da kwaɗi. Bayan ƙauyen akwai tudu mai duwatsu, can ake gudu idan teku ta yi fushi.

Suna da wata al'ada. Ba a gudu sai an buga ganga, ba a kuwa buga ganga sai ruwa ya taɓa gwiwar Sarkin Ruwa. Akwai wuri a bakin gaɓa, gindin wata bishiyar kwakwa, inda yake tsayawa a auna. Duk wanda ya kwashe kayansa kafin ganga, ya raina sarauta. Toshe raminsa ake yi a kore shi.

Lokacin da Agwagwa ke riƙe da sarautar, al'adar ba ta cuci kowa ba. Gajera ce, ruwa kaɗan ya isa gwiwarta. Da ta mutu sai aka naɗa Zalɓe, don dogo ne kuma rawani yana yi masa kyau. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi inda gwiwarsa take.

Zalɓe girman kai gare shi. Makaɗinsa Burgu ne, shi kuma haɗama. Duk abin da ya ɓace a ƙauyen yana can ƙuryar raminsa. Sai kuma Ƙaguwa, tsohuwa ce, ba ta iya lallashi ba. Abin da ta gani shi take faɗi.

Wata rana da safe Ƙaguwa ta fito ta tarar teku ta ja baya fiye da yadda ta saba. Ganye ko ɗaya ba ya motsi. Tsuntsayen ruwa sun bar gaɓa sun nufi cikin ƙasa, tururuwa kuma na ta hawa bishiya da ƙwayayensu a baki. Can ƙarshen sama wani hadari ya yi baƙi ƙirin ya zauna.

Ta nufi inda Zalɓe yake zaman fada, Burgu na gefensa yana yi masa fifita da ganyen ayaba.

Ta ce, "Sarkin Ruwa, a buga ganga. Kafin la'asar teku za ta shigo gari, kuma da iska za ta zo."

Burgu ya daka mata tsawa. "Ke Iya! Haka ake shigowa fada? Ina gaisuwa?"

"Ranka ya daɗe. A buga ganga."

"Ba ki tambayi lafiyar iyali ba."

"Iyalinsa a sama suke kwana. Na cikin rami nake ji."

Zalɓe ya gyara rawani, ya dube ta da ido ɗaya. "Wa ya gaya miki teku za ta shigo?"

"Ita ta gaya mini. A cikinta aka haife ni."

"To ni aka naɗa. Da za ta shigo, ni za ta fara sanarwa, ba mai tafiya a karkace ba."

Burgu ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe! Wanda bai iya tafiya gaba ba, ina zai san abin da ke gaba?"

'Yan fada suka yi dariya, don sun ga Zalɓe ya yi.

Ƙaguwa ta ce, "Ku yi dariyarku. Amma akwai tsofaffi da masu jego. Bushiya jiya ta haifi biyar, idonsu bai buɗe ba. Kafin ta kai su tudu ɗaya-ɗaya, rabin wuni ne. Yanzu ya kamata a fara."

Zalɓe ya ce, "Za mu duba. Da azahar za mu fita awo. Idan ruwa ya taɓa gwiwa, a buga. Idan bai taɓa ba, kowa ya je ya yi barcinsa. Haka muka gada."

"Gwiwarka ta fi rufin kowane gida a garin nan tsawo. Ranar da ruwa ya kai ta, wa ya rage ya ji gangar?"

Burgu ya ajiye mafici ya kama kai. "Kun ji ta! Yau kuma gwiwar sarauta ake zagi!"

Shi Burgu ba don son Zalɓe yake wannan ba. Idan aka buga ganga, dole kowa ya fito da kayansa a idon jama'a. Shi kuwa kayansa ba sa son ido.

Ƙaguwa ta bi rami-rami tana faɗa. Ɓera ya ce, "Na yarda da ke, Iya, amma ina tsoron a toshe mini gida." Kwaɗo ya ce shi ya iya iyo, kada a dame shi. Gyare ya ce bari ya ga abin da maƙwabta za su yi. Bushiya ta rungume 'ya'yanta ta ce, "In na fita a kore ni, in na zauna ruwa ya ci su. Iya, yaya zan yi?"

Ƙaguwa ta ce, "Ɗaure kayanki ki ajiye a bakin ƙofa. Za ki ji ganga."

Da azahar Zalɓe ya fito awo, jama'a na biye. Sai da ya tsaya aka yi masa kirari, sannan ya taka zuwa gindin kwakwa. Teku ta fara dawowa. Ruwan ya rufe masa yatsu ya tsaya a idon sawu.

Ya ce, "Kun gani? Idon sawu. Ina mai surutun?"

Aka duba, ba a ga Ƙaguwa ba. Burgu kaɗai ya hango ta lokacin da ta sulale cikin ruwa ta nutse a yashi, daidai ƙarƙashin ƙafafun Zalɓe. Kafin ya gane abin da take nufi, ta fara tono.

Tono dai shi ne sana'arta. Tana kwashe yashi daga ƙasa, ƙafafun Zalɓe suna shiga. Ruwa ya bar idon sawu ya kama ƙwauri.

Ɓera ya ce, "Kai, ruwa na hawa!"

Kwaɗo ya ce, "Ni kamar Sarkin Ruwa nake gani yana sauka."

Zalɓe ya ji maganar. Ya kuma ji ƙafafunsa na shigewa, ya ja ɗaya a ɓoye, ta ƙi fita. Ya miƙe wuya yana kallon nesa kamar mai nazari.

Burgu ya matso ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, nutsewa kake yi. Tsohuwar nan ce ke..."

"Wa ke nutsewa?" Zalɓe ya faɗa da ƙarfi. "Ni? A gaban talakawa? Ka taɓa jin Sarkin Ruwa ya kafe a taɓo kamar jaki?"

"Ban taɓa ji ba, ranka ya daɗe."

"To me kake gani?"

Burgu ya ce, "Ruwa ne ke hawa, ranka ya daɗe."

Kafin su rufe baki ruwa ya taɓa gwiwa. Kowa ya gani. Zalɓe ba shi da mafita: ko ya ce ya kafe, ko ya ce teku ta kawo. Ya zaɓi wanda bai taɓa rawaninsa ba.

"Jama'a, kamar yadda na daɗe ina hangowa, ruwa ya kai gwiwa. Burgu, buga!"

Burgu ya ɗauki gula ya buga, ransa a ɓace.

Gari ya ɗauka. Aka fara fitar da tsofaffi. Ɓeraye suka yi layi suna miƙa hatsi hannu da hannu. Masu bukka suka ɗaure jinka da igiya suka danne da duwatsu. Bushiya ta ɗauki ɗa ɗaya a baki, maƙwabta suka ɗauki huɗu, aka nufi tudu.

Ƙaguwa ta fito daga yashi ta dubi Zalɓe. "An gama. Tsaya in tone ka mu tafi."

"Tone wa? Tsayawa na yi ina lura da ruwa. Aikina ne."

"Iska na zuwa, Dogo. Kai ne abu mafi tsawo a gaɓar nan bayan kwakwa."

"Iska hanyata ce. Idan na ga dama na buɗe fiffike na tashi. Wuce ki ba ni wuri."

Ta wuce. Shi kuwa so yake kowa ya ɓace tukuna, ya fisge ƙafafunsa ba mai kallo.

Burgu ma bai hau tudu ba. Ya ce a ransa, "Ni na san gaskiyar magana. Ruwa a idon sawu yake, sauran duk tonon tsohuwa ne. Wawaye su je su kwana kan dutse." Ya ja gangarsa ya shige rami. Ganin gari ba kowa, har ya leƙa ramukan maƙwabta ya ƙara da abin da suka manta.

La'asar na yi, iska ta sauko. Ta fara da kwasar yashi tana watsawa, sannan ta kama bishiyoyi tana sunkuyar da su. Teku ta taso da igiyoyi, kowace ta fi ta gabanta. Ta farko ta share gaɓa. Ta biyu ta shiga gari. Ta uku ba ta bar alamar rami ko ɗaya ba.

Zalɓe ya ja ƙafa, ya ja, yashi ya riƙe gam. Ya buɗe fikafikai zai tashi, iska ta cika su ta lanƙwasa shi baya har kansa ya taɓa ruwa. Rawani ya warware ya yi sama. Gashin jikinsa ya bi rawani. Ruwa ya kai ƙirji, ya kai wuya.

"Iya! Iya Ƙaguwa! Don Allah!"

Ƙaguwa tana nan kusa, ta maƙale a saiwar kwakwa. Ta leƙo. "Ranka ya daɗe, an gama lurar?"

"Na kafe! Na kafe, Iya, tone ni!"

"Ɗaga murya. Iska ta hana ni ji."

"Na kafe kamar jaki!"

Ta nutsa ta kwashe yashin. Ƙafafunsa na fita iska ta sure shi, ta juya shi sau uku a sama, ta maka shi kan tudu. Inda ya faɗo kuwa, nan dangin Bushiya suka dunƙule don sanyi, ƙayoyinsu a tsaye. An ji ƙararsa duk da rugugin teku.

Bai gama cire ƙaya ba sai ga wani abu yana tahowa bisa ruwa. Burgu ne, ya rungume ganga, yana shan ruwa yana amayarwa. Teku ta fasa raminsa ta fito da komai. Gyaɗa, rogo, busasshen kifi, ƙwallon kwakwa, duk suna yawo kewaye da shi, igiya na turo su gindin tudu.

Bushiya ta ce, "Wancan rogona ne da ya ɓace ranar kasuwa."

Ɓera ya ce, "Ga buhun gyaɗata, har da ɗinkin da na yi masa."

Gyare ya ce, "Tabarmata! Ɗazu-ɗazu na bar ta!"

Burgu ya ce, "Ajiya na yi muku, 'yan'uwa. Ku miƙo mini sanda."

Sai da kowa ya tsamo kayansa tukuna, sannan aka miƙa masa.

Da gari ya waye iska ta kwanta. Tungar Gishiri ta zama fili, sai taɓo da karyayyun rassa. Aka ƙirga kai, babu wanda ya rasu. 'Ya'yan Bushiya biyar suna nan suna shan nono.

Zalɓe ya hau dutse, ba rawani, rabin jikinsa a fige. Ya gyara murya. "Jama'a, ba don hangen nesanmu ba..."

Kwaɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya mun ji kana kiran wani jaki. An same shi?"

Dariya ta hana shi ƙarasawa. A wurin aka tuɓe shi, aka karɓe ganga daga hannun Burgu. Aka ce Ƙaguwa ta karɓi sarautar.

Ta ce, "Ni ƙafa takwas gare ni, wacce za ku auna? Ku rataye gangar nan a tsakiyar gari. Wanda ya ga alama ya buga. In ƙarya ce, mun sha iska a tudu mun dawo. Ku tashi, akwai tono a gabanmu."

Zalɓe bai sake zama cikin jama'a ba. Har yau in ka gan shi a bakin ruwa, shi kaɗai ne, yana tsaye da ƙafa ɗaya. Ɗayar ya naɗe ta a ciki, don kada a sake tone masa duka biyu.

Darasin wannan labari shi ne, idan aka ce hadari na tafe, a dubi sama, kada a dubi tsawon mai maganar ko rawaninsa. Wanda ke kwana a bisa ba shi ne zai gaya wa na cikin rami lokacin gudu ba. A tashi da wuri, a fara da marasa ƙarfi. Gara a hau tudu a dawo ana jin kunya, da a zauna a gida ruwa ya zo ya tarar.