Kurege Sarkin Gwaji da Askin Wutsiya

An yi wani zalunci a dajin Kwarin Ɓaure wanda tun da aka halicci gashi ba a taɓa yin irinsa ba, kuma ni Kurege aka yi wa. Yara, ku karanta da kyau, don na san ko iyayenku sun ba ku labarin, sun rage. An aske mini wutsiya. Tas! Wutsiyar da idan na ɗaga ta da hantsi tsuntsaye kan sassauta tashi su kalla. Yau idan na juya baya sai ka ce igiyar guga aka maƙala mini. Da dajin ne ya ƙone gaba ɗaya, da na ce asarar da sauƙi.

Mu uku ne a maganar. Akwai Gwaggo Bushiya maƙeriyar waya, wadda duk wayar da ke dajin nan daga shagonta ta fito. Ta iya aiki, amma kafin ka gama tambaya ta miƙe ƙayoyinta. Akwai Hajiya Shamuwa mai sabis, wadda ta kafa ƙarfen sabis ɗinta a ƙololuwar giginya. Ita kuma tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa yin laifi ba, a faɗarta. Sai ni, wanda ba shi da wani aibi in ban da kyau.

Ga yadda ake yi a wurinmu. Idan Gwaggo ta haɗa sabuwar manhaja, wato abin da ke cikin waya yana sa ta aiki, sai ta tura wa Hajiya. Hajiya ba ta sakar wa jama'a sai an gwada a waya guda tukuna, kada ta lalata wayar kowa. Mai wannan waya shi ne Sarkin Gwaji. Idan ya saka, ta kwana uku lafiya, sai ya je ya faɗa, a sakar wa kowa.

Ni na nemi wannan sarauta, kuma don taimakon al'umma na nema. Ana kuma ba da jar hula, amma wannan ba shi ne ba.

Gwaggo da Hajiya ba sa magana tun shekara biyu da suka wuce. Hajiya ta ce Gwaggo tana mantawa da masu tsofaffin wayoyi da zarar ta ƙera sabuwa. Gwaggo ta ce Hajiya tana kwanciya a kan manhaja kamar ƙwai, tana cusa mata tallace-tallace kafin ta saki. Dukansu akwai ƙamshin gaskiya. Tun daga nan duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakina yake bi.

To, manhajar bana ba irin ta kullum ba ce. Mu mazauna ramukan bakin rafi muna da wata matsala. Sai a yi ruwa can kan duwatsu, mu nan rana ƙwal, sai kawai ka ga rafi ya taso ya shigo maka ɗaki. Hajiya tana hango ruwan daga kan giginya, amma sai dai ta kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar manhajar kuwa, danna ɗaya za ta yi, duk wayoyin dajin su ɗauki kururuwa lokaci guda.

Wata uku kafin damina saƙo ya shigo wayata. “Sabuwar manhaja ta iso. Wayarka ta cika. Goge hotuna don a sami wuri.” A ƙasa akwai wuraren dannawa biyu, ɗaya an rubuta Yanzu, ɗaya Anjima.

Yara, ku yi mini adalci. Hotuna dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha biyu ne a wayar, duka na wutsiyata, kuma babu biyu da suka yi kama. Wannan da hantsi, wannan da la'asar, wannan iska ta kaɗa ta hagu, wannan na ranar da na shafa man gyaɗa. Na zauna da niyyar gogewa, wallahi na zauna. Na zaɓi guda ɗaya, na kalle shi, shi ma ya kalle ni. Sai na danna Anjima. Ai ban ce a'a ba.

Washegari saƙon ya dawo, na sake dannawa. Jibi ma haka. Da aka yi mako guda yatsana ya saba, ko karantawa ba na yi.

Ran nan Hajiya Shamuwa ta leƙo daga sama. “Sarkin Gwaji, ina labari? Kwana uku fa aka ce, yau kwana ashirin.”

Na gyara hula. Na ce, “Hajiya, ban so in faɗa ba don kada ranki ya ɓaci. Abin da Gwaggo ta haɗo ɗanye ne. Ko buɗuwa ba ya yi.”

“Na sani!” in ji ta, tana kaɗa fiffike. “Aikin gaggawa! Ka je ka ce mata ta gyara, ni ba zan sakar wa jama'a shirme ba.”

Na tafi shagon Gwaggo. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Kai, mai hula, me ya hana a saki manhajata?”

“Gwaggo, ni har yau ban ga komai ba. Ina jin Hajiya ba ta gama kwanci a kai ba.”

Nan take ƙayoyinta suka miƙe. “Mai dogon wuyan nan! Sai ta cika ta da tallan kwaɗi tukuna ko? To ka ce mata ni na gama nawa.”

Na fita daga shagon. Na koma gida na ɗauki hoto.

Maƙwabciyata Iya Gafiya tsohuwa ce mai jikoki shida. Shekara guda ta yi tana tara gero a rumbunta na cikin rami, zangarniya ɗaya bayan ɗaya, da haƙoran da saura huɗu. Kullum da safe sai ta tambaye ni, “Kurege ɗana, abin kururuwar nan bai zo ba? Ga hadari ya fara haɗuwa.”

Ni kuma in ce, “Iya, manya ne suke wasa da rayuwarmu. Mai ƙera tana cewa mai sabis, mai sabis tana cewa mai ƙera.”

“Allah ya saka maka, kai kaɗai kake damuwa da mu,” in ji ta, ta miƙo mini soyayyar gyaɗa. Ina karɓa. Rashin karɓa ai rashin kunya ne.

Maganar ta yaɗu. Dajin ya rabu biyu, wasu na zagin Gwaggo, wasu na zagin Hajiya. Duk inda aka taru ni ake ba wa magana, ni kuma Allah ya ba ni baki. Har sai da na fara jin haushinsu da gaske.

Ranar da abin ya faru, da azahar ne, sama fes, ko gajimare babu. Ina bakin ramina ina neman inda haske ya fi kyau, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Shamuwa. Na ce maganar gwajin nan ce dai, na ƙi ɗauka. Ta sake kira, na kashe. Ta kira na uku, na kife wayar a kan dutse na ci gaba da taje wutsiya.

Sai na ji ƙasa tana rawa.

Ban san ruwa yana gudu haka ba. Ja ne, yana ɗauke da itace da kara. Na cafke waya a baki, ruwan ya cafke ni, ya juya ni ya fi sau goma, ya jefa ni cikin ƙarangiya a wancan ƙetaren. Iya Gafiya ta tsira da jikokinta da ƙyar, ta jawo na ƙarshe da wutsiya. Geronta kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba.

Wutsiyata ta zama dunƙulen laka da ƙaya. Ƙaguwa wanzami ya duba ta gaba da baya, ya ce, “Malam Kurege, babu dabara sai aski.” Na rufe ido ina jin ƙaf, ƙaf, ƙaf, kamar raina ake yankewa.

Da na buɗe ido na ga abin da ya rage, sai hankalina ya gushe. Ni da bakina na sa aka yi shela kowa ya taru a gindin kuka, a fito da mai laifi ta ba wutsiyata haƙuri a gaban jama'a. Da na yi shiru, da har yau ina da hula.

Aka taru. Karo na farko cikin shekara biyu, Gwaggo da Hajiya suka tsaya fuska da fuska.

“Ke kika kashe wa Iya gero!” in ji Gwaggo. “Wata uku kina kwance a kan aikina!”

“Aikinki? Ɗanyen abin da ko buɗuwa ba ya yi?”

“Wa ya ce ba ya buɗuwa, mai ƙafa kamar sillen kara?”

“Sarkin Gwaji ya faɗa, dunƙulen ƙaya! Tun ranar da kika turo na tura masa!”

Gwaggo ta ce, “Kin tura masa? Ni ce mini ya yi bai ga komai ba.”

Su biyun suka juyo a hankali. Jama'a ma suka juyo. Na so in rufe fuska da wutsiya kamar yadda na saba, na ɗago ta, babu abin rufewa.

“Kawo wayar,” in ji Gwaggo.

“Ruwa ya shige ta, Gwaggo.”

“Ni na ƙera ta. Kawo.”

Iya Gafiya ta taso da sandarta ta tsaya a gabana. “Ku ji tsoron Allah,” in ji ta. “Yaron nan wata uku yana yi mana faɗa a kan abin nan. Kada ku ɗora masa laifinku.” Yaro fa ta ce, ni da furfura a gemu. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo ta danna nan, ta danna can, ta ɗaga wayar sama. Ga saƙon a fuskar waya, da ranar da ya iso. Ta karanta da ƙarfi, “An danna Anjima sau tis'in da uku.” Ta ƙara dannawa. “Hotuna dubu huɗu da ɗari tara.” Wani daga baya ya ce, “Na me?” Ta juya musu wayar. Dariyar da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga kan kuka.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Da na hango ruwan, shi na fara kira, don raminsa ne a farko. Sau uku. Na ce idan ya ɗauka zai faɗa wa na kusa da shi.”

Dariyar ta mutu. Iya Gafiya ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kurege, daga raminka zuwa nawa taku nawa ne?”

“Bakwai, Iya.”

“Bakwai,” in ji ta. Ta ja hannun ƙaramin jikanta suka koma gefe suka zauna.

Ban taɓa sanin ƙasa tana da abin kallo haka ba sai ranar. Na ƙirga tururuwa goma sha ɗaya a kusa da ƙafata.

Hajiya ta sa baki ta cire hular daga kaina. Gwaggo ta miƙo mini wayar ta ce, “Da hannunka.” Na goge su duka, har da na ranar man gyaɗa. Na danna Yanzu. Yara, kafin a ɓare gyaɗa goma manhajar ta gama shiga. Iyakar abin ke nan.

Bayan kwana uku aka sakar wa kowa. Da ruwa ya sake tasowa a wannan damina, wayoyi suka ɗauki kururuwa, kowa ya fita da kayansa a bushe. Gwaggo da Hajiya yanzu kiran juna suke yi kai tsaye. Har yau suna faɗa, Gwaggo tana jinkiri a kan tsofaffin wayoyi, Hajiya tana cusa tallan kwaɗinta, amma babu mai hula a tsakaninsu.

Ni kuwa kullum da safe ina bin gonaki ina kala, ina kai wa Iya Gafiya zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Rumbun ya kusa rabi. Tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake ce mini ɗana ba. Gashin wutsiyar ya fara tsirowa, an ce ma ya fi na da laushi, sai dai idan na faɗa wa yara yadda take a da, sai su ce in nuna hoto.

Darasin wannan labari shi ne, idan abu ya makara, kafin ka hau dutse kana tambaya ko mai ƙera ce ko mai sabis, ka fara duba abin da ke hannunka. Aikin da aka ba ka amana kada ka ce masa anjima, kuma idan ka yi sakaci ka faɗa tun yana ƙarami, kada ka rufe shi da haɗa mutane faɗa. Na fara muku da cewa an zalunce ni, to ku goge wannan. Ƙaguwa ya riƙe almakashi, amma ni na aske wutsiyata, ni kuma na zubar da geron Iya, da yatsan nan guda ɗaya, sau tis'in da uku.