Wutar La'asar da Maƙeri Cindo

A zamanin da, an yi wani sarki mai adalci. Ran nan da la'asar, wata wuta ta keto sararin birninsa, ta yi ƙara kamar aradu, ta tarwatse. Wani baƙin dutse ya faɗa gonar wani maƙeri, ana ce masa Cindo. Masu duba na fada suka ce tauraron sarki ne ya faɗo, kuma maƙerin ne ya kira shi da tsafi. Aka sa Cindo a mari, talakawa suka fara ɗaure kaya za su bar gari.

Waziri Gwadabe ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a hukunta mutum a kan abin da ba a san sunansa ba. A ba ni kwana uku."

Da wa'adi ya cika, Waziri ya tara masu duba a gaban sarki, ya ce, "Malamai, kwana uku kuna kallon sama. Wane tauraro ne babu a mazauninsa?"

Suka dubi juna.

Sai Waziri ya gabatar da Madugu Tankari, tsohon da ya shekara arba'in yana keta hamada da ayari.

Sarki ya ce, "Madugu, me muka gani?"

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, mu matafiya, abin nan da ke keta sama iri uku muka sani. Wanda ya ja zare siriri ya mutu shiru, tartsatsi muke ce masa. Wanda haskensa ya fi na Zara, har mutum ya ga inuwarsa a ƙasa, shi ne dunƙulen wuta. In dunƙulen ya fashe da ƙara, mai tsawa ke nan, shi kuka gani. Sau biyu na gamu da shi a inda ba sarki, ba maƙeri, sai yashi."

Sarki ya ce a rubuta sunayen nan, a yi shelarsu a kasuwa. Ya sallami masu duba daga fada, ya sa aka kwance Cindo, ya nemi gafararsa a bainar jama'a.

Cindo ya yunƙura zai tashi, ƙafafu sun kumbura, ya kasa. Madugu ya durƙusar da raƙuminsa, ya ce, "Hau, ɗana." Ya kama akala da kansa, ya ja shi har ƙofar gida.