Makullin Gidan Malam Barau

Ku zauna, kuma kada kowa ya katse ni. Yawancinku ni na koya muku riƙe fensir, saboda haka ina da haƙƙin a saurare ni.

Malam Barau abokin aikina ne a firamare. Ya daina zuwa masallaci, bai kuma koma coci ba. Kuka ce masa arne, ya ce bai taɓa yanka wa tsafi kaza ba. Kuka ce masa kafiri, ya wuce abinsa. Daga baya kuka daina kiransa da komai, har gaisuwa. Shi kaɗai yake cin tuwonsa a zaure, rediyo na yi masa hira. Da ciwo ya kwantar da shi, ya miƙo mini makullin gidansa ya ce, "Malam Tanimu, ka ba wanda ya riƙe ni yadda nake."

Ranar da ya rasu, masu haƙa kabari suka ajiye diga. Maƙabartun garin nan biyu ne, ta Musulmi da ta Kirista, suka ce sai an faɗa musu na wane ɓangare ne.

Maƙwabcinsa Bitrus kafinta shi ya yi jinyarsa. Shi ke juya shi, shi ke wanke masa zani, shi ya rufe masa ido. Da ba don shi ba, da sai wari ya sanar da ku. Aka tambaye shi addinin mamacin, ya ce, "Ni dai maƙwabcina na sani. Ban taɓa tambayarsa wani suna ba."

Ƙanwarsa Tasalla ta je har ƙofar liman ta durƙusa. Ta ce, "Allah gafarta Malam, Musulmi ne. A gidanmu aka yi masa huɗuba, aka yanka masa rago. Abin da ke zuciyarsa kuwa, ba ni na halicce ta ba." Da maganarta aka haƙa kabarin.

Sai ɗaukar makara ta gagara, kowa ya noƙe. Nafi'u direba, tsohon ɗalibinsa, ya kirawo abokansa daga tasha suka ɗauka. A bakin kabari wani ya ce ashe Malam ya tuba. Nafi'u ya ce, "Baba, kada ku sa wa mamaci magana a baki. Da kansa ya ce mini shi marar addini ne, bai kuma ji kunyar faɗa ba." Jama'a suka watse. Su Nafi'u suka tura ƙasa da hannuwansu, Tasalla kuwa har yau ba ta amsa gaisuwar Nafi'u.

Na shimfiɗa tabarmar ta'aziyya a ƙofar gidansa, ni kaɗai na zauna a kai har rana ta faɗi. Mutumin da ya koya wa 'ya'yanku lissafi! Wannan bashin kunya ne a wuyanku, kuma yau za ku fara biya da bakinku, don ba mai tashi sai an yanke hukunci.

Ɗaya ya ƙi sa masa suna, ɗaya ta ba shi sunan da ya samar masa kabari, ɗaya ya faɗi sunan da shi ya zaɓa. To, a hannun wa zan sa makullin nan?