Igiyar Shanya da Yatsun Tela

Akwai wani ma'aikacin ofis da abokansa ke kira Injiniya. Bai karanci komai a fannin ba, kawai dai babu abin da zai lalace a gidansa bai ce shi zai gyara ba. Ya taɓa gyara famfo, ruwa ya kwana a falo. Duk da haka sunan ya shige masa kai.

Motarsa ta fara dukan ƙasa a kowane rami, sai ya sayo sabbin shokobza da sifirin masu kauri, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, don ta ƙara tsawo. Ya kalli bidiyo biyu a waya, ya ce ranar Asabar a tsakar gida zai ɗaura abinsa.

Maƙwabcinsa tsohon bakanike ne, ciwon baya ya sa ya ajiye sifana. Da ya ji ƙarar ƙarafa sai ya yi sallama ya shigo. Ya tarar Injiniya ya riga ya ciro tsohuwar shokobza, an naɗe sifirinta, murɗaɗɗen ƙarfen da ke kewaye da ita, da igiyar shanya ta leda.

"Sannu da aiki. Ina abin matse sifirin?"

"Baba, ai dabara ta fi ƙarfi. Tun motar na ƙasa, nauyinta ya danne shi, na ɗaure da igiya, sannan na ɗaga jak. Ga shi nan ya kwanta."

Tsohon ya girgiza kai. "Ɗana, bai kwanta ba, laɓewa ya yi. Nauyin mota ne a cikinsa. Notin saman nan kaɗai ke tsare da shi. In ka kwance ba ka kama shi da ƙarfe ba, ba ya tambayar wa ke gabansa."

Ya koma gida yana dafe da baya, ya dawo da wasu dogayen ƙarafa biyu masu ƙugiya, duk sun yi baƙi da tsohon mai. Ya ɗora su a kan katanga.

"Ga su. Ka kafa ɗaya ta nan, ɗaya ta can, ka riƙa ɗaurewa a hankali."

Injiniya ya kalle su a sheƙeƙe. "Kayan zamanin da ke nan, Baba. Kafin in gama juya waɗannan rana ta faɗi."

Tsohon ya fita ya bar su a wurin.

Ana haka sai ga yayan Injiniya ya kawo masa ɗinki. Tela ne, kuma da kekensa ya riƙe ƙanen nan tun rasuwar mahaifinsu har ya zama mutum. Yanzu ma 'ya'yansa huɗu da tsohuwarsu duk a keken nan suke ci.

"Yawwa Yaya, ka zo a daidai. Ɗan riƙe min saman nan kada ya juya."

Telan ya duƙa yana duban igiyar. "Ba matsala dai ko? Ka san hannun nan shi ne gonata."

"Haba Yaya, minti biyu ne."

Telan ya kama da hannun dama. Injiniya ya sa sifana ya fara kwance notin. Igiyar ta yi wata 'yar ƙara, ya ji da kunnensa, ya ma ɗaga kai ya dubi ƙarafan da ke kan katanga. Taku uku ne tsakaninsa da su. Amma kunyar a ce tsoho ya fi shi gaskiya ta hana shi tashi, ya ci gaba da juyawa.

Notin na barin zarensa na ƙarshe, igiyar ta tsinke.

Sifirin ya tashi da farantin ƙarfen da ke samansa, ya ratsa ta hannun telan, ya je ya fasa bulo a jikin bango. Telan ko ihu bai yi ba. Ya zauna daɓas yana kallon hannunsa, jini na zuba a kan sabon ɗinkin da ya kawo.

A asibiti aka cire yatsu uku: babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Su ne masu riƙe almakashi.

Da ma zaginsa yayan ya yi, da ya fi masa sauƙi. Amma duk wanda ya zo dubiya ya tambayi yadda aka yi, sai telan ya ce, "Tsautsayi ne, ku bar yaron nan." Wannan maganar ta fi komai cin ran Injiniya, kuma ni kaina duk sanda na tuna ta sai zuciyata ta karye.

Bayan wata biyu Injiniya ya leƙa shagon telan. Masu kawo ɗinki sun watse, babu ko riga ɗaya a rataye. Ya samu yayansa zaune a gaban keke, yana ta fama ya zura zare a allura da hannun hagu.

Telan ya ɗago, ya yi ɗan murmushi, ya miƙo masa zaren.

"Ƙanena, taimaka ka saka min. Kai naka yatsun sun cika."

Injiniya ya durƙusa ya karɓa. Yatsunsa goma cif, amma hawaye suka hana shi ganin kafar allurar.

Darasi: Kowane aiki da kayansa. In ba ka da abin matse sifirin na ƙarfe, kada ka taɓa notin nan, kuma in wanda ya tsufa a sana'a ya ce ka bari, ka bari. Girman kai ba kullum mai shi yake kayarwa ba, wani lokaci wanda ya amince da kai ne zai ɗauki raunin har kabari. Ku tura wa duk mai kwance mota a gida, ko Allah zai sa a tsira da hannun wani.